Katin Ummi da Masarar Inna

Samaru, Zariya
6 ga Janairu, 2021

Yaya Uba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da injinan jirgin ruwan da suka cinye maka kunne. Da kana jin waya, da ban zauna ina rubutu kamar 'yar firamare ina ɗaukar takarda hoto ina tura maka ba. Amma kira da kai ya zama "Eh? Me kika ce?" har kuɗin waya ya ƙare, don haka gara takardar.

Mu nan sai godiya. Maigidana Malam Usaid yana gaishe ka, har yanzu rabin albashi makarantarsu ke ba su. 'Yarka Ummi lafiyarta ƙalau, ta fi ni tsawo yanzu, tana ta shirin jarrabawar fita sakandare. Wadda ba ta da lafiya Inna ce, kuma saboda ita na rubuto.

Kwana biyar ke nan tana fama da zazzaɓi da tari. Mun yi maganin zazzaɓin sauro, bai ji ba. Shekaranjiya na yi mata miyar kuka da daddawa mai yawa yadda take so, ta ɗanɗana ta ture kwanon, wai na manta gishiri da daddawa duka. Yaya, daddawar da har maƙwabta ke jin ƙamshinta! A nan gabana ya faɗi, don na ga masu irin wannan a wurin aiki.

Jiya na kai ta asibitinmu na Sabon Gari. Dakta Chinelo, mai asibitin, ita ta duba ta da kanta. Ta ce ko dai sanyin haƙarƙari ne, ko kuma korona. In sanyi ne za ta ba ta gado a nan. In korona ce ba za ta iya kwantar da ita cikin masu ciki da jarirai ba, dole sai cibiyar da ake killace masu cutar, inda akwai iskar oksijin. Ga kuma ciwon sugan Inna, wanda ba ya son jinkiri. Mun dawo gida da magunguna, an ce ta zauna ɗaki ita kaɗai sai an san abin da ake ciki.

Gwajin kuwa iri biyu ne. Akwai na kyauta, amma jama'a sun yi yawa, sakamako kan kai mako kafin ya fito, Dakta kuma ta ce ba ta ga alamar numfashin Inna zai jira mako ba. Akwai na kuɗi: Nas Nonye ta ɗauki abin da za a gwada, a kai wani ɗakin gwaji a Kaduna, kwana ɗaya ko biyu an samu amsa. Naira dubu hamsin ne.

Shekara goma sha huɗu ina zaune a ɗakin kati, ina karɓar katin inshorar mutane ina cika musu fom, ni ba ni da ko ɗaya, Inna ma haka. Abin da ke hannuna bai kai dubu goma sha biyu ba. Ban saba tambayarka ba, ka sani. Yau na tambaya. Ka aiko da abin da ya samu, kuma da wuri.

Ƙanwarka,
Raudatu

*

Fatakwal
7 ga Janairu, 2021

Takarda daga hannun yayanki Uba zuwa ga Raudatu.

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai takardarki ta tayar min da hankali. Ki gaida Inna da jiki, Allah ya ba ta lafiya. Ki gaida Malam da Ummi. Kunnena kuwa ki bar shi ya huta, abin da nake so in ji ina ji.

Maganar kuɗi ta zo a mummunan lokaci. Albashi sai ƙarshen wata, abin da ya rage na biya kuɗin haya da na jarrabawar Ummi. Na tambayi mutum uku yau, kowa kuka yake. Gobe da safe kuma jirginmu zai tashi, mako biyu cikin ruwa, babu sabis ko kaɗan.

Amma na samo hanya, ki karanta da kyau. Na shiga ofishin kamfani na tambayi mai kula da inshorarmu. Ta ce in likita ya ga alamun cutar a jikin wanda ke kan kati, ya rubuta a yi masa gwaji, su za su biya duka. To katin Ummi a asibitinku yake, cikin durowar da kike buɗewa kullum.

Kin san sunan da ke kan katin nan. Ba sai na rubuta shi ba, ban taɓa kama sunan Inna da bakina ba, ba kuwa zan fara da biro ba. Ranar da na sa wa yarinyar nan sunan mahaifiyarmu, ke kika fara rangaɗa guɗa. Suna ɗaya ne. Ki cika fom da lambar katin Ummi, Dakta ta sa hannu cikin sauran takardu kamar yadda ta saba, nas ta zo gida ta ɗauka a jikin Inna. Kwalba ce ke tafiya Kaduna, ba fuska ba. Wa zai sani?

Kada ki fara min wa'azinki na ɗakin kati. Shekara goma sha tara ana yankar min kuɗin inshora duk wata. Tun da mahaifiyar Ummi ta rasu kika ɗauke ta, yarinyar nan ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar ciwon kai da katin ba. Kuɗina ne, uwata ce. Ban ga wanda aka cuta ba.

Ba shawara nake ba ki ba, Raudatu. Ki yi yadda na ce, gobe-goben nan. Sai na dawo.

Haza wassalam.
Uba

*

Samaru
9 ga Janairu, 2021

Yaya,

Salam. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka dawo tudu, amma gara in rubuta tun abin yana da zafi a raina. Muna nan. Jikin Inna da sauƙi da safe, da nauyi da yamma.

Zan faɗa maka gaskiya, na so in bi maganarka. Jiya na zare katin Ummi daga durowa na jefa a jaka, na ɗauki fom guda. Ina fitowa ƙofar asibiti sai ga Othniel, wani tela na Muchia, ya kawo matarsa awo. Bara ya taɓa zuwa da katin ƙaninsa, na mayar da shi a gaban mutane, har na ce masa kati ba riga ba ce da ake aro. Ya gaishe ni da fara'a, "Madam Kati, ina gajiya?" Wallahi na kasa ɗaga ido in dube shi. Haka na hau keke har Samaru, hannuna a kan jaka.

Tun da aka ce Inna ta zauna ɗaki ita kaɗai, ta taga muke hira da ita. Bayan la'asar na ja kujera ƙarƙashin tagar, na ɗora fom a kan faranti na fara cikawa. Na rubuta Aishatu, na rubuta Uba, ina kwafar lambar ke nan sai na ji muryarta a kaina.

"Raudatu, wannan ba hoton takwarata ba ne? Me katinta ke yi a hannunki?"

Na zayyana mata duk abin da ka ce, ban rage komai ba, har da maganar shekara goma sha tara. Ta saurara, ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce:

"To na ji. In kwalbar ta nuna ciwon ne, wa za su zo ɗauka?"

Yaya, duk daɗewata a aikin nan, wannan tambayar ba ta zo min ba. Kai ma ba ta zo maka ba. Na ce mata wanda sunansa da shekarunsa ke kan takarda.

"Wato yarinyar. Su sa ta a mota a gaban unguwa, ni ina kwance ina leƙe."

Na ce ai in sun zo sai mu yi musu bayani. Ta ce, "Bayanin me? Cewa 'ya'yan da na haifa sun iya sata da biro?" Ummi tana bakin famfo tana jin mu, ta matso ta ce, "Inna, ni wallahi na yarda, ba komai." Inna ta ce, "Ke wa ya tambaye ki? Wuce ki ɗauki littafinki." Sannan ta juyo kaina.

"Sunana na ba ta, ban ce zan haɗa mata da ciwona ba. Mayar musu da katinsu. A kira min Usaid."

Ka tuna gonarta ta Bomo da ta gada wajen Kaka. Bana mai noma mata ya ba ta buhu biyar na masara, suna can a ajiye, tana jiran damina su yi tsada kamar yadda take yi kowace shekara. Da su take hidimarta ta Sallah da biki da suna, shi ya sa ba ka taɓa jin ta roƙe mu kuɗin gudummawa ba. Ta ce Malam ya je ya sayar da uku. Na ce Inna, yanzu fa masara ba ta da daraja, in kin jira damina kusan ninki za ki samu. Ta ce, "Ke kin tabbata zan kai daminar?" Malam ya hau mashin, kafin magariba ya dawo da kuɗin.

Na yaga wancan fom ɗin na kawo sabo. Na rubuta Aishatu Mijinyawa, sunanta da na mahaifinta. Da muka zo wurin shekaru aka sha drama, don ka san ba ta da takardar haihuwa. Ta ce ita dai ta san tana tallan gyaɗa ga leburori lokacin da ake haƙa harsashin wasu gine-ginen jami'a, kuma ba ta wuce goma ba. Malam ya yi lissafinsa na malamai, muka tsaya a saba'in da biyu. Ta ce in rubuta ciwon suga da manyan baƙi, kada su ce ba su gani ba.

Yau da safe Nonye ta zo cikin farar rigar nan da ta rufe ta har ka, ta zura mata dogon tsinke mai auduga a hanci. Inna ta yi atishawa uku ta ce, "Ikon Allah, buhu uku don a sosa min hanci!" Nonye ta yi dariya har gilashin fuskarta ya yi gumi. Kwalba ta tafi Kaduna, katin Ummi ya koma durowarsa.

Na saɓa maka, kuma ban yi nadama ba. Jiya da nake kallon matar nan ta taga, numfashi yana gagararta amma tana ba da umarni, na ji kaina ya yi girma cewa ita ta haife ni. In za ka yi faɗa ka yi da ita, in kana iyawa.

Raudatu

*

Samaru
26 ga Janairu, 2021

Yaya Uba,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ana amsawa ba.

Sakamako ya fito washegarin takardata ta baya. Korona ce. Da azahar aka kira ni, kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Suka fito da gadon ɗaukar mara lafiya, Inna ta ce su mayar, ba ta mutu ba tukuna. Ta sa hijabinta, ta ɗauki butarta da carbinta, ta taka da ƙafarta tana dafa bango. Duk layinmu an fito ana leƙe daga nesa. Ta tsaya a bakin mota ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta ce a yafe mata in ba ta dawo ba. Sai da motar ta sha kwana na zauna a ƙasa na yi kukan da nake ta dannewa.

Kwana ukun farko ba na so in tuna su. An sa mata oksijin, ba a barin kowa ya shiga, sai dai wata nas ta kira ni sau ɗaya a rana. Har yanzu tana can, ana cire mata abin a mayar. Mu kuma an zo an gwada mu kyauta tunda gida ɗaya muke da ita, an ce ba mu da cutar, amma sai da muka yi mako biyu a kulle. Mai ruwa ya daina zuwa. Matan da Inna ta yi wa wankan jego da hannunta, ko sallama daga waje babu. Dakta Chinelo ce ke aiko da burodi da ƙwai a ajiye mana a bakin ƙofa, Allah ya saka mata.

To kai fa? Mako biyu ka ce. Yau kwana goma sha takwas. Na san halinka tun muna yara, in aka ƙi bin maganarka sai ka kumbura ka daina magana, a yi ta binka ana lallashi. In ka dawo ka karanta takardata ka yi shiru don an taɓa maka girma, to ka sani wannan karon ba mai lallashinka. Mahaifiyarka tana kwance da roba a hanci. Jiya nas ta ce Inna ta tambaya ko ɗanta ya sauka daga ruwa. Ummi kullum sai ta duba wayata.

Ka yi fushin da ni in ka ga dama. Amma ka rubuto layi biyu da za a karanta wa Inna.

Raudatu

*

Cikin jirgi
27 ga Janairu, 2021

Raudatu,

Salam. Ina lafiya, amma ban san halin da kuke ciki ba, ban ga komai daga gare ki ba tun ranar da muka tashi. Har yanzu muna kan ruwa. Wannan takardar Seun zan ba, mai kwalekwalen da ke kawo mana abinci, ya ɗauke ta hoto ya tura miki in ya isa gari. Ki ba da amsa ta lambarsa, zai kwafo min.

Cutar ta shigo mana jirgi. Kukunmu ya fara, wani dattijo, sai kamfani ya sa aka gwada mu duka aka hana kowa sauka. Mutum uku aka samu da ita, ba na ciki.

Abin da na gani shi ya sa nake miki wannan rubutu. Ma'aikatan lafiya sun zo da takarda a hannu. Ba su dubi fuskar kowa ba, sunan da ke takarda suka kira. Dattijon suka fara ɗauka nan take, don takardarsa ta ce ya wuce sittin kuma yana da hawan jini. Sauran biyun kuwa samari ne, aka ba su magani aka ce su zauna a ɗakinsu, sai in abin ya yi tsanani. Ina tsaye ina kallo sai na tuna da Inna. Takardar da na sa ki cika cewa za ta yi shekara goma sha bakwai, ba wani ciwo. Ko dai su zo su tafi da Ummi, ko su ce yarinya ce ta zauna a gida ta sha magani. Ko ta yaya Inna ce za a bari a ɗaki.

Ni na ja wannan. Na ce miki ban ga wanda aka cuta ba, ashe uwata da 'yata na jera. Kwana shida ke nan abinci ba ya shiga.

In ba ki yi ba, kada ki yi. In kin riga kin yi, ki je wurin Dakta yau ki faɗa mata gaskiya, ki nuna mata takardata, ki ce yayanki ne ya tilasta ki. In aiki ne su kore ni, in kati ne su karɓe. Ki sayar da duk abin da ke ɗakina na gida. Don girman Allah ki gaya min Inna tana raye.

Uba

*

Samaru
29 ga Janairu, 2021

Yayana,

Tana raye. Na fara da wannan don ka samu ka ci abinci.

Katin Ummi yana durowa, ba a taɓa shi ba. Ba kuma ni na hana ba, kada ka ba ni ladan da ba nawa ba. Inna ce ta hana, ta sayar da masararta ta biya, aka yi gwajin da sunanta da shekarunta. Cutar ce, aka ɗauke ta a ranar. Likitan cibiyar ya ce min sunaye da yawa suka zo musu a wannan yinin, ga gadaje kaɗan, suka fara da tsofaffi masu ciwon suga. Abin da ka gani a jirgi shi ne a nan ma.

Shekaranjiya aka cire mata oksijin, ba a mayar ba. Jiya nas ta kira ni tana dariya, wai Inna ta aika a gaya wa masu girki gishirinsu ya yi yawa, kuma ba haka ake tuwo ba. Da na ji haka na san ta dawo.

In ka sauka za ka tarar da takardu biyu a wayarka. Ta farko ka karanta a natse. Ta biyun na zage ka a ciki son raina, na ɗauka fushi kake. Ka yafe min, ko da yake rabin abin da na faɗa game da halinka gaskiya ne. Ka gode wa Seun. Ummi ta ce in ce maka ta yi kuka, amma yanzu ta daina.

Raudatu

*

Fatakwal
9 ga Fabrairu, 2021

Zuwa ga Raudatu, da gaisuwa mai yawa.

Jiya muka sauka, lafiya lau. Ban ko je gida ba, a bakin ruwa na zauna kan wata tsohuwar taya na kunna waya. Na karanta ta farko sau uku. Inda ta ce sunanta ta ba ta ba ciwonta ba, nan na kife wayar na rufe fuska da hula. Abokan aikina suka taru suna tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, uwata ce. Na fassara musu takardar tun daga farko har ƙarshe, har da maganar sosa hanci. Wani ya ce in ba shi aron uwar tawa na wata guda ta gyara masa gida. Na ce ba a aro, ƙanwata ta hana.

Ta biyun ma na karanta. Na yafe, amma ba rabi ba ne gaskiya, kashi ɗaya cikin uku ne.

Yau da safe na koma ofishin nan, wurin matar da ke kula da inshora. Na yi mata tambayar da ya kamata in yi tuntuni: shin ana iya sa uwa a kati? Ta ce ana iyawa mana, ƙarin ɗan abu ne za a riƙa cirewa a albashi. Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin ita ta fara aiki. Raudatu, abin da za a cire bai kai kuɗin goron da nake ci a wata ba. Shekara goma sha tara ina yawo da katin nan a aljihu ina taƙama, ban taɓa buɗe baki na tambaya ba. Da na tashi neman hanya kuma, ta bayan gida na nemo.

Na karɓi fom na cika. Abin da ya rage hotonta ne, irin na fasfo, na kwanan nan. In ta samu ƙarfi ki ɗauke ta ko da wayarki ce, a jikin farin bango, ki turo min. Kada ki wahalar da ita.

Ki durƙusa ki gaishe min da ita. Ki ce mata na ji, kuma na ɗauka.

Yayanki,
Uba

*

Samaru
13 ga Fabrairu, 2021

Yaya Uba,

Wa'alaikumus salam, barka da sauka. Muna lafiya. Kwana goma ke nan da aka sallamo Inna, ta rame amma bakin yana nan yadda ka san shi. Na isar da saƙonka a durƙushe. Ta ce Allah ya yi maka albarka, kuma ka rage goro.

Maganar hoto, na ce mata ta jingina da bangon tsakar gida in ɗauke ta da waya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce katin farko da za a yi mata a duniya ba za a yi shi da hoton bakin famfo ba, shago za ta je. Na ce in kira keke. Ta ce a'a.

Ka san tun da ta dawo matan layinmu ba wadda ta shigo, daga zaure ake jefo sannu a juya. To jiya da hantsi ta fito da atamfarta ta Sallah, ta ɗaura ɗankwali, ta sa takunkumi, ta soke takardar sallamarta a jaka. Ni a dama, Ummi a hagu, muka kama hanyar kasuwar Samaru a ƙafa. Sau biyu ta tsaya ta huta, kuma duk a ƙofar gidajen da aka fi gudunmu ta zaɓi tsayawa. Tana zaune a dakalinsu tana ƙwala sallama, "Ina masu gidan? Ga wadda kuka yi ta'aziyyarta ta zo gaishe ku!" Kunya ta fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu kai titi mata huɗu na biye da mu, ɗaya har ta karɓi jakarta.

Mai hoton, Oluwatobi, ya san labarin, don ba wanda bai sani ba. Da ta zauna ta sauke takunkumi sai ya ja baya har ya kusa fita daga shagonsa. Ta zaro takardar ta miƙa masa.

"Karanta, ɗana. Da kuɗina na gano ciwon, da ƙafata na fito daga cikinsa. Matso ka ɗauka da kyau."

Ya karanta, ya ce, "Mama, sannu, Allah ya ƙara lafiya," ya matso. Ya gyara mata zama, ya ce ta dubi nan, ta rufe baki, ba a dariya a hoton fasfo.

Ga hoton nan na turo. In ofishinku sun ce ba su karɓar mai dariya, ka ce musu sau uku muka gwada, ta ƙi.

Ƙanwarka,
Raudatu